Kunnen wa za ka ara kafin ka saki waƙarka?

Duk mai haɗa kiɗa a ɗaki ya san wannan lokacin. Dare ya raba, ka ji waƙar nan sau ɗari ko fiye, ka ɗaga murya ka sauke, ka ƙara bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ka rage, har ka kai ga ba ka iya bambance gyara da ɓarna. Kunne ya riga ya saba, abin da kunne ya saba da shi kuwa ba ya ƙara jin aibinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Waƙar wani in an sa maka, kafin amshi ya zagayo ka riga ka gane murya ta nutse a cikin kiɗa. Taka kuwa sai ka kwana uku a kanta ba ka ji ba.

To, dole ka ari kunne. Abin da nake so mu tattauna shi ne kunnen wa, domin na ga matasa masu hazaƙa sun lalata waƙa mai kyau saboda sun kai tambayarsu inda babu amsarta. Na daɗe ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a ɗakin da nake kwana, kuma duk waɗanda zan ambata na gwada su: 'yan gida da abokai, ɗan'uwa furodusa, DJ mai manyan lasifikoki, injiniyan da ake biya, da na'urorin awo. Kowannensu akwai tambayar da ya fi kowa iya amsawa, akwai kuma wadda in ka yi masa ita zai kai ka ya baro.

Amma fara da sanin dalilin da ya sa kunnenka kaɗai bai isa ba, ko da ba ka gaji ba. Ɗakinka yana yi maka ƙarya. Ɗauki irin ɗakinmu na ƙafa sha biyu-sha biyu, wato mita 3.66 kowane ɓangare, bango siminti, ƙasa tayil ko siminti. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. In ka raba 343 da ninki biyu na faɗin ɗakin, za ka samu wajen 47 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), kuma a nan ne sauti ke kai da komowa tsakanin bango da bango yana taruwa a wani wuri, yana kashe kansa a wani. Jikin bango za ka ji wannan amon ya kumbura, tsakiyar ɗaki kuwa sai ka ji kamar babu shi. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ta ninku. Kauri da nauyin kik, wato bugun babbar ganga, da na bes a wannan yankin suke zaune. Idan kujerarka ta faɗo inda amon ke ɓacewa, za ka yi ta ƙara bes kana ganin bai isa ba, alhali a cikin fayil ɗin ya riga ya cika ya batse. Soson da ake liƙawa a bango da kwalin ƙwai ba sa taɓa wannan, siraran sautuka na sama kawai suke ɗan sha. Don haka duk wanda za ka ba waƙarka, abu na farko da yake ba ka shi ne wani ɗaki daban da wata lasifika daban.

Na fara da 'yan gida, domin su aka fi rainawa. Wata rana na gama wata waƙa da nake ji da ita, na tura ta waya, na ajiye wayar a kan taga a tsakar gida ba tare da na ce wa kowa komai ba. Ƙanwata tana wanke-wanke, ruwa yana zuba a roba, yara suna ta guje-guje. Da aka shiga baiti na biyu sai ta ɗago kai ta ce, "Yaya, me yake cewa a nan?" Na mayar baya, ta sake saurara, ta ce har yanzu kalmar ƙarshe ba ta fito mata ba. Ni na san kalmar tun ranar da aka rubuta ta, don haka kunnena yana cike gurbin da kansa. Da na koma na duba, wani sautin fiyano da na ninka ne yake hawa kan muryar daidai wannan gaɓar. Ban taɓa samun gyaran da ya fi wannan amfani a waƙar ba, kuma ya fito daga bakin wadda ba ta san mene ne ikwalaiza ba.

Ƙarfin wannan kunnen ke nan. Yana jin Hausa, bai san baitin a ka ba, kuma yana saurara da abin da jama'a za su saurara da shi: lasifikar waya, ɗan iyafis na kasuwa, ƙaramar lasifikar Bluetooth. Mai sauraronmu kalma yake bi. Zai yafe maka kik maras nauyi, amma ba zai yafe maka baitin da bai ji ba. Rauninsa kuwa kara ce. Ka ce wa aboki "ga sabuwar waƙata, ya ka ji ta?" amsar da za ka samu ka riga ka san ta: Masha Allah, ta yi, Allah ya ƙara basira. Ba ƙarya ya yi maka ba, zumunci ya kiyaye. Ko da ya so faɗar gaskiya, waƙar zai yanke wa hukunci, karinta da ma'anarta, alhali kai miksin, wato yadda aka daidaita murya da kayan kiɗa, kake tambaya.

Dabarar ita ce ka daina tambayarsa ra'ayi, ka ba shi aiki. Ka ce ya rubuta maka baitin farko kamar yadda ya ji shi, duk kalmar da ya kuskure nan ne matsalarka. Ko ka jera waƙar tsakanin waƙoƙi biyu da ya saba ji, ka zuba ido a hannunsa: in taka ta shigo ya kai hannu ya ƙara sauti, ko ya yamutsa fuska ya rage, ka samu amsar da bakinsa ba zai faɗa ba. In ya ce wani wuri bai yi masa ba, ka tambaye shi a daƙiƙa ta nawa, ka rubuta. Amma kada ka karɓi magani daga wurinsa. Zai ce "ƙara bes" domin wayarsa ba ta fitar da abin da ke ƙasa da wajen 200 Hz yadda ya kamata, kuma ko ka ninka bes ɗin sau uku ba zai ji shi a wayar ba, sai dai ka ruguza waƙar a babbar lasifika. Ya nuna maka inda ke ciwo, wannan ya isa. Maganin bes da ba ya fita a waya shi ne ka ɗan ƙara masa kaushi da saturashin, ko ka ɗora masa wani siririn sauti a samansa, yadda kunne zai ji inuwarsa a yankin da wayar ke iya fitarwa.

Ɗan'uwa furodusa shi ne mai maganin. Shi ne zai ji daƙiƙa goma ya ce kik da bes suna faɗa, ka sa bes ya riƙa ɗan sunkuyawa duk lokacin da kik ya buga, dabarar da ake kira saidcen. Shi zai ce tsakanin 200 da 500 Hz ya yi cunkoso, fiyano da fad (sautin da ake shimfiɗawa a bayan kiɗa) da ƙasan murya duk sun taru a wuri ɗaya shi ya sa waƙar ta yi duhu. Shi zai gane ka zuba amsa-kuwwa a kowane layi, wato kowane sautin da ke cikin aikin, har komai ya koma can nesa. Mafi daɗi ma, kuna iya buɗe fayil ɗin aikin tare, ya kashe layi ɗaya ya kunna, ka ji bambancin da kunnenka nan take. Yini ɗaya na irin wannan zama ya fi wata guda na kallon darussa a YouTube, domin a kan waƙarka ake koyarwar.

Sai dai akwai abu uku da na lura da su. Na farko, yawanci ɗakinsa irin naka ne, lasifikarsa ma ba ta wuce taka ba, saboda haka a maganar bes makaho ne ke jan makaho. Na biyu, furodusa yana da wuya ya saurari waƙar wani bai fara mayar da ita tasa a zuciyarsa ba. Wanda ya saba da amapiano zai so ganga mai kauri ta mamaye komai, wanda ya taso a kiɗan nanaye zai ɗaga murya sama can ya bar kiɗa a baya, mai hip-hop zai nemi bes ɗin 808 mai girgiza ƙirji. Duk suna da gaskiya a gonarsu. In ba ka faɗa masa inda ka dosa ba, zai kai ka inda shi ya saba zuwa. Na uku shi ne abin da ba a cika faɗa a fili ba: ku biyu kasuwa ɗaya kuke ci. Akwai wanda zai ji aibi ya yi shiru, akwai wanda zai tsinci aibi goma don ka san ya fi ka. Ka nemi wanda ya ɗan girme ka a sana'ar, wanda ba mawaƙa ɗaya kuke nema ba, kuma wanda kai ma kake sauraron nasa in ya kawo. Wanda ba ya ba da kunnensa ba ya daɗewa yana samun na aro.

Kuma mutum biyu sun isa, in ya yi yawa uku. Na taɓa tura waƙa ga mutum tara a dare ɗaya. Huɗu suka ce murya ta yi sama, uku suka ce ta yi ƙasa, biyu suka koma maganar karin waƙar. Na bi kowa, na wayi gari da miksin da ya fi na jiya muni. Daga baya na gane masu cewa ta yi sama a waya suka ji, inda babu bes da zai yi gogayya da muryar, masu cewa ta yi ƙasa kuwa a mota suka ji. Tun ranar duk wanda ya ba ni ra'ayi sai na tambaye shi da me ya saurara, kuma da ƙarfi ko a hankali. Wannan tambaya ta biyu tana da tushe. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin kowane sauti daidai wa daida: in an rage ƙara, sautin ƙasa shi ne ke fara ɓacewa, na tsakiya inda murya take ya rage a fili. Mutum biyu masu lasifika iri ɗaya za su iya saɓawa a kan bes ɗinka don kawai ɗaya ya murɗa ƙara sama.

DJ kuwa, shi ne mai riƙe da abin da ba ka da shi kuma ba za ka saya nan kusa ba: manyan lasifikoki da fili mai faɗi. In waƙarka ta rawa ce, wadda kake fatan a sa a biki ko wurin casu, ban ga abin da zai maye gurbin wannan gwajin ba. Na tuna ranar da na fara yi. Bayan azahar ne, a wani ɗakin taro, ana ta jera kujeru don dina, DJ ɗin yana gwada kayansa. Na miƙa masa filas, na ce, "Maigida, don Allah ɗan sa min wannan in ji." Na taka zuwa tsakiyar ɗakin. Kik na farko ya buga lafiya, sai bes ya shigo ya haɗiye komai, murya ta koma kamar daga bayan ƙofa ake rera ta, gilasan tagogi suna kaɗawa. Wani sautin da na baza hagu da dama don ya yi faɗi, wanda a hedifon nake jin kamar ya lulluɓe ni, ya ɓace ɗungurungum. DJ ɗin ya sa wata waƙar da ya saba sawa, ita kuwa komai a zaune, bes yana bugun ƙirji amma kowace kalma tana fita. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ƙasan nan naka ya yi yawa, kuma ba ya tsayawa." Da maganar nan guda na koma gida na yi aikin sati.

Sautin nan da ya ɓace, dalilinsa shi ne kayan DJ ɗin a mono aka haɗa su, wato hagu da dama an gauraya su wuri ɗaya, kuma dabarar da na yi na faɗaɗa shi ta sa ɓangarorin biyu suna kashe juna in sun haɗu. Yawancin ƙananan lasifikokin Bluetooth da wayoyi da dama ma haka suke. Wannan gwajin kana iya yinsa a gida kyauta, ka mayar da babban layin fita mono ka saurara, amma ni sai da na ji shi a gaban mutane na fara ɗaukarsa da muhimmanci.

Inda za ka yi hattara da DJ shi ne maganar ƙara. Kusan kullum zai ce taka ba ta kai sauran ƙarfi ba, kuma a aikinsa yana da hujja, domin waƙar da ta shigo a raunane tana kashe rawa. Amma in ka koma ka danne miksin da limita, abin da ke danne ƙololuwar sauti don a ɗaga ƙara, har ya daina numfashi, ka sayi ƙara ka sayar da bugun ganga. Ƙarfin ƙarshe aikin mastarin ne, wato gyaran ƙarshe da ake yi wa waƙar gaba ɗaya, sai miksin ya zauna ake zuwa kansa. Kuma ya danganta da inda waƙar za ta. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), wadda ta fi haka ƙara sai ya rage ta, YouTube ma kusan haka yake yi, don haka a can dannewar ba ta ƙara maka komai. Waƙar da za ta yawo ta memori da Xender da hannun masu tura waƙa a kasuwa kuwa babu mai daidaita ta, yadda ka fitar haka za ta tsaya kusa da na wasu. Ka san wace hanya taka za ta fi bi kafin ka yanke. Sannan ka tuna kayan haya sun sha wuya: wani an murɗa masa bes har ƙarshe, wani ƙaramar lasifikarsa ta sama ta ƙone. Shi ya sa dole a sa wata sananniyar waƙa kafin taka da bayanta, da ita za ka auna. Kada kuma ka daɗe a gaban lasifikar. Ƙa'idar kare ji a wuraren aiki ta ce awa takwas a 85 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), duk ƙarin 3 dB lokacin ya ragu da rabi, a 100 dB minti goma sha biyar ne kacal. Kunnen nan shi ne jarinka.

Yanzu injiniyan da ake biya. A nan mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai ka ba shi waƙar ya yi miksin ɗin da kansa, akwai kuma ka biya shi ya saurari naka ya faɗa maka abin da ya ji. Na farko yana ba ka waƙa ɗaya mai kyau, ya bar ka inda kake. Na biyu ya fi araha, kuma abin da ka koya yana bin ka zuwa duk waƙar da za ka yi nan gaba. In mawaƙi ya biya ka kuma ranar saki ta matso, ba da aikin a yi maka, babu abin kunya a ciki. In kuwa burinka hannunka ya faɗa, to zaman saurare ka saya. Ka je sitidiyonsa, ka zauna a kujerarsa, ka ji waƙarka a ɗakin da aka gyara don sauti. Yawancin masu sana'ar in ka zo da ladabi ka ce awa ɗaya kake so kuma za ka biya, ba sa ƙi.

Abin da ya bambanta shi da ɗan'uwa furodusa shi ne tsari. Furodusa zai lissafa maka abu goma a jere, injiniya mai kyau zai ce gyara wannan ɗaya tukuna, shida daga cikin sauran za su tafi da kansu. Kuma ba ya neman mayar da waƙar tasa, ya saba yi wa mutane iri-iri aiki. Amma kalmar injiniya ba ta da mai gadi, duk wanda ya sayi lasifika biyu yana iya kiran kansa haka. Kafin ka ba da kuɗi ka nemi ayyukansa uku, ka saurare su a waya da mota, kuma su kasance irin kiɗan da kake yi. Ku yi magana tun farko a kan sau nawa zai sake dubawa in ka gyara ka dawo.

Akwai kuma masu tura aiki waje ta intanet, ga injiniyoyin Turai ko Amurka ko Afirka ta Kudu. Ta fuskar kik da bes da faɗin sauti, da yawansu sun ƙware ƙwarai, musamman a kiɗan rawa na na'ura wanda a can ya girma. In kiɗa ne zalla babu murya, ban ga abin da zai hana ka ba in aljihu ya yarda. In da baitin Hausa a ciki, ka yi tunani sau biyu. Na taɓa tura wata waƙa ga wani a waje, aikin ya dawo sumul, amma mawaƙin yana ji ya ce an taɓa masa baki. Mutumin ya ɗauki ɗan fashewar da ke cikin ƙ da ts a matsayin ƙazantar rikodin, ya bi su ya goge, ya kuma danne sautin s da sh sosai. Sai ƙasa ta koma kamar kasa, tsara ta kusa zama sara. Aikinsa ya yi da gaskiya, harshen ne bai sani ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ko ka tura waje, kunnen da ke jin Hausa ne zai yi duban ƙarshe a kan murya.

Saura na'ura, da abin da na fi so in kira waƙar ma'auni. Ka zaɓi waƙa ɗaya ko biyu da aka yi wa aiki mai kyau, irin salon da kake bi, wadda ka ji ta a wurare da yawa kuma ko'ina tana zama daidai. Ka shigo da ita cikin aikinka a layi na daban, kada ta bi ta kayan da ka ɗora a babban layin fita. Sai ka rage ƙararta har ta yi daidai da taka. Wannan matakin shi ne wanda ake tsallakewa, kuma in an tsallake shi gwajin ya tashi a banza, domin duk abin da ya ɗan fi ƙara kunne yana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi daɗi. Daga nan ka riƙa sauyawa tsakaninsu kana tambayar abu ɗaya a lokaci guda: ina murya take zaune a can, ina take a nan? Kik ɗinsu gajere ne ko yana ja? Akwai kayan awo na kyauta da za su taimaka, SPAN na kamfanin Voxengo yana zana maka yadda sauti ya rarrabu daga ƙasa zuwa sama, Youlean Loudness Meter kuma yana ba ka LUFS. Ga mai ɗaki irin namu, SPAN yana nuna tudun bes ɗin da ɗakin ya ɓoye.

Wannan hanya ba ta jin kunyarka, ba ta kishi, ba ta gajiya, ko ƙarfe uku na dare tana nan. Amma ba ta san abin da kake nufi ba. Zane zai iya yin daidai da na waƙar ma'auni alhali amshinka bai ɗaga ba, ko kalma ta ɓace a baiti na biyu. Haka shafukan da ke yin mastarin da kansu irin su LANDR: suna ƙara haske da ƙarfi, amma in murya ta nutse a miksin, a nutse za su dawo maka da ita, sai dai da ƙara. Ni ina amfani da irinsu ne kawai don in ji wane aibi ne zai fito fili in an ɗaga waƙar.

To wanne za ka zaɓa? Ni ga yadda nake yi yanzu, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni. Ba na nuna wa kowa miksin sai na kwana a kansa na saurare shi da safe da sabon kunne, na gwada shi da waƙar ma'auni, na ji shi a mono, na ji shi a waya. Kai wa mutum aikin da kai da kanka za ka iya gano aibinsa ɓata kunnensa ne, kuma jin farko sau ɗaya ake yinsa, in ka ƙone shi a kan miksin da bai nuna ba, ba zai dawo ba. Bayan nan in waƙar mai baiti ce, 'yan gida ne na farko. In ta rawa ce, DJ. Abin da suka nuna min sai in kai wa furodusa ɗaya da na yarda da shi mu nemi dalili. Injiniya kuwa ba kowace waƙa ba, sai wadda na sa rai a kanta, ko in na lura aibi ɗaya yana bin duk ayyukana na rasa gane kansa. In aka ce kuɗinka na abu ɗaya ne tak, tsakanin sabon fulogin, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti, da awa ɗaya a kujerar injiniya mai kunne, ni awar nan zan saya, ba tare da na yi dogon tunani ba. In kuwa babu ko sisi, ƙanwarka da DJ ɗin unguwarku da waƙar ma'auni za su kai ka nesa fiye da yadda kake zato.

Yadda ka tura waƙar ma yana shafar amsar da za ka samu. Kada ka kunna ta a lasifika ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, abin da zai isa can ɗakinka ne da makirufon wayarka. Ka tura ta a matsayin fayil na dokumen. WAV na 16 bit da 44.1 kHz yana cin wajen MB 10 a minti ɗaya, waƙar minti huɗu ta kai MB 40 ke nan. In data ta yi wuya, MP3 na 320 kbps bai wuce MB 10 ba ga waƙar gaba ɗaya, kuma ya isa a ba ka ra'ayi. Ga injiniya kuwa WAV na 24 bit, ka cire limita daga babban layi, ka bar sarari kada sauti ya taɓa sifili. In layi-layi ya nema, kowanne ya fara daga farkon waƙar ko da shiru ne a wurin, ka rubuta masa gudun kiɗan, ka haɗa masa da waƙar ma'auninka don ya san inda ka nufa.

Kuma ka rubuta tambaya ta gaske a ƙarƙashin fayil ɗin. "Ya ka ji?" ba ta haifar da komai sai addu'a. Ka ce: daga 0:45 zuwa 1:10, kana jin kowace kalma? Da amshi ya shigo, waƙar ta ɗaga ko ta tsaya inda take? Da me ka saurara? Idan amsoshi suka dawo, abin da mutum biyu da ba su san juna ba suka nuna a wuri ɗaya shi nake fara taɓawa. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa ina rubuta shi in ajiye, in sake saurara bayan kwana biyu. Kafin in taɓa komai sai na adana aikin da sabon suna da lamba, in yi gyara ɗaya, in fitar, in daidaita ƙarar tsohon da sabon, sannan in ba ƙanwata su biyun ba tare da na gaya mata wanne ne wanne ba.